Rai-Ɗore A Ƙasar Kwali: Ciyawar Juji Mai Magani Da Dafi

Duk wanda ya bar Gwagwalada a ƙarshen damina ya miƙi hanyar Lakwaja, ba zai yi nisa ba zai ga ƙasa ta sake kama. Gidajen bulo da shagunan bakin titi za su fara raguwa, gonakin doya da dawa da masara su karɓi wurinsu, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa da maje tsaye jefi-jefi a tsakiyar shuka, can nesa kuma ga tuddai sun yi shuɗi-shuɗi. Zai wuce Sheda, inda Gwamnatin Tarayya ta jera ma'aikatun bincike, sa'an nan ya iso Kwali, hedkwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. In ya zarce, sai Yangoji, sai Abaji, sai Kotonkarfe, har ya ƙetare Kwara ya faɗa Lakwaja.

To, amma in ya sauka a Kwali ya taka da ƙafa, akwai wani tsiro da zai yi ta cin karo da shi ko'ina ya juya. Yana bakin kwalbati, yana bayan tasha, yana kan juji, yana cikin kangon gida da fegin da aka saya ba a gina ba, yana kuma kewaye da makwantar shanu a rugagen da ke bayan gari. Tsayinsa kan kai ƙugun mutum, wani lokaci har ƙirji, furensa rawaya ne fes, ganyensa kuwa in an murza shi sai ya tashi da wani wari mai hawa kai. Babu wanda ya shuka shi, babu mai yi masa noma, akuya ma takan shinshina ta wuce. Wannan shi ne rai-ɗore, wanda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira sanga-sanga. Sunan nasa kaɗai ya isa shaida a kan matsayin da magabata suka ba shi, domin ba kowane tsiro ake laƙaba wa ɗorewar rai ba. Sai dai kuma wannan tsiron da ake jiƙa wa mai zazzaɓi, shi ne ya taɓa kashe ɗaruruwan yara a wata ƙasa kafin a gano shi. Saboda haka ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

GARIN LADI MAI TUKWANE

Kafin a shiga zancen tsiron, ya kamata a ɗan san garin. Kwali ƙasa ce ta Gbagyi da Gbari, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwarawa, tare da Ganagana da Bassa, da Fulani makiyaya, da Hausawa 'yan kasuwa da manoma da suka daɗe da zama. Sarkin garin ana ce masa Etsu Kwali. An ware ƙaramar hukumar daga Gwagwalada a shekarar 1996, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 85,000, adadin da yanzu an wuce shi nesa saboda masu ƙaura daga cikin birni suna neman wurin zama mai sauƙin kuɗi. Damina a nan takan sauka tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, watau ta fi ta Kano da Katsina tsawo ƙwarai, shi ya sa ciyayi ke samun sake.

Abin da ya fitar da sunan Kwali duniya shi ne tukunya. A nan aka haifi Ladi Kwali wajen shekarar 1925, ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar'uwar iyayenta, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Wanda ya ciro takardar Naira 20 daga aljihunsa zai gan ta a baya tana aikin tukunya, a gaba kuwa ga Janar Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976.

Matan da ke wannan sana'a sun san tsirrai kamar yadda suka san yumɓu. Sukan jiƙa makuba, watau ɓawon 'ya'yan ɗorawa, su yayyafa wa tukunya tana da zafi daga wuta, ta yi duhu ta ƙara ƙarko. A cikin irin waɗannan tukwane ne kuma aka daɗe ana dafa saiwoyi da ganyaye idan ciwo ya shigo gida, rai-ɗore kuwa yana cikin na gaba-gaba, tun da ba a tafiya daji nemansa.

KAMA DA WANE BA WANE BA CE

Rai-ɗore yana da ƙanwa da suke tashi wuri guda, ita ce tafasa. Daga nesa baƙo ba zai bambanta su ba, domin duk furensu rawaya ne, duk kuma dangin wake ne masu yin kwanso. Masana ilmin tsirrai sun sa su a gida ɗaya. Tun 1753 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya rubuta su a ƙarƙashin sunan Cassia, sa'an nan a 1982 wasu masana biyu, Irwin da Barneby, suka mai da su ƙarƙashin Senna. Rai-ɗore shi ne Senna occidentalis, tafasa kuwa Senna obtusifolia. Filasko da runhu su ma 'yan gidan ne, marga kuma dangi ce ta kusa. Wani likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a littafinsa na 1916, ya kuma rubuta amfaninsu a wani babban littafin a 1937, har yau masana na komawa gare su.

Bambanta su ba shi da wuya ga wanda aka nuna wa sau ɗaya. Reshen ganyen tafasa yana ɗauke da 'yan ganye shida, uku a kowane gefe, masu faɗin kai da dagwargwajen baki kamar cokali, kuma da magariba sukan naɗe kamar masu barci. Na rai-ɗore kuwa sukan kai takwas ko goma, wani lokaci fiye, dogaye masu tsinin baki kamar kan mashi. A gindin reshen ganyen rai-ɗore, daidai inda ya manne da kara, akwai wani ɗan ƙullutu mai duhu kamar kan allura. A tafasa wannan ƙullutun ba a gindi yake ba, yana tsakanin 'yan ganye biyu na ƙasa. Kwanson tafasa siriri ne dogo, a lanƙwashe kamar lauje, ƙwayoyinsa masu kusurwa ne da ƙyalli. Kwanson rai-ɗore kuwa ya fi gajarta, kamar tsawon yatsa ko ya ɗan fi, mai faɗi, tsakiyarsa ta fi gefensa duhu, yana ɗauke da ƙwayoyi da yawa a jere, shafaffu, masu launin ƙasa.

Wanda ya zauna kusa da tsiron da hantsi zai ga abubuwa biyu na ban mamaki. Na farko, tururuwa da kiyashi suna hawa da sauka suna tsayawa a kan ƙullutun nan na gindin ganye, domin yana tsatso da wani ruwa mai zaƙi. Tsiron yana ciyar da su, su kuma suna korar wasu ƙwarin da ke cin ganye. Na biyu, furen ba ya zubar da garinsa haka kawai. Garin yana ƙunshe cikin 'yan jakunkuna masu ƙaramin rami a baki, ba ya fita sai an girgiza. Wani babban ƙwaro baƙi, ɗan'uwan ƙudan zuma, wanda ke huda busasshen itace ya yi gida, shi ne ke rungumar furen ya yi ta gunji har garin ya zubo masa a jiki, ya kai wa wani furen. Ƙudan zuma na amya bai iya wannan girgizar ba.

BAƘON DA YA ZAMA ƊAN GARI

Ko da yake Bahaushe ya raɗa masa suna kamar tare aka tashi, masana sun tafi a kan cewa asalin rai-ɗore daga yankunan zafi na nahiyar Amurka yake, kamar masara da rogo da gyaɗa da barkono. Su waɗannan an kawo su da niyya, shi kuwa biyo ayari ya yi. Yanzu babu wata ƙasa mai zafi da bai shiga ba, tun daga Barazil har Indiya da Ostareliya.

Dalilin da ya sa yake bin mutane a fili yake. Ƙwayarsa tana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya shiga da wuri, saboda haka takan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru tana jira, sai an kankare ƙasar ko ɓawon ya goge sa'an nan ta tsiro. Har ila yau, ko da yake dangin wake ne, saiwarsa ba ta yin 'yan ƙullutun nan da wake da gyaɗa ke yi masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Don haka sai ya nemi inda taki ya riga ya taru, watau juji da turken dabbobi da bayan gida. Bugu da ƙari, dabbobi ba sa son ɗanyensa saboda wari, sai su cinye ciyawar da ke kewaye su bar masa fili. Inda aka ga rai-ɗore da tafasa sun rufe makiyaya, alama ce kiwo ya yi wa wurin yawa.

Ƙasar Kwali a 'yan shekarun nan ta zama irin wurin da yake so. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, gine-gine ke ta matsowa kudu. Aikin mai da hanyar Lakwaja tagwaye, wanda aka fara a 2006, ya tone gefen titi mil bayan mil. Gonaki sun zama fegi-fegi, an sare itatuwa an kafa duwatsun shaida, an bar wurin shekaru ba gini ba noma. Makiyaya sun ƙuntata, shanu sun taru a ɗan abin da ya rage. Duk inda katafila ta bi, damina ɗaya ta isa rai-ɗore ya kafa tuta.

ABIN DA AKE YI DA SHI

A Kwali da ƙauyukanta, kamar sauran garuruwan Arewa, ganyen ne aka fi amfani da shi. Idan zazzaɓi ya kama mutum, akan tafasa ganyen rai-ɗore, sau da yawa tare da na darbejiya ko mangwaro ko gwanda, a lulluɓe majinyaci da bargo ya yi surace, a yi masa wanka da ruwan, a ba shi kaɗan ya kurɓa. Akan ba mai shawara da mai taurin bayan gida. Akan daka ɗanyen ganyen a shafa wa makero da ƙyasbi da ƙaiƙayin jiki, ko a ɗora a kan kumburi. Saiwar ma akan jiƙa ta don ciwon ciki. A wasu ƙasashe kuwa, har da Senegal, akan soya ƙwayoyin sosai a niƙa a sha a madadin gahawa.

Ba duka wannan ne camfi ba. Masu binciken sinadarai sun sami wani rukunin sinadari a jikin tsiron da ake kira antarakwinon. Shi ne ke motsa babban hanji ya sa a yi bayan gida, kuma irinsa ne ke cikin filasko da sanamaki, wanda har a asibiti ana ba da ƙwayoyin da aka yi da shi don wankin ciki. Cutar makero kuwa wata irin fumfuna ce ke jawo ta a kan fata, gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna ruwan ganyen dangin nan yana hana irin wannan fumfuna yaɗuwa. Ashe tsohuwar da ke murza ganye tana goga wa jikanta a ƙeya tana kan hanya.

A ƙasar Mali an ɗauki al'amarin da muhimmanci. Sashen magungunan gargajiya na gwamnati da ke Bamako ya haɗa wani maganin zazzaɓi mai suna Malarial 5, wanda kashi 62 cikin 100 nasa ganyen rai-ɗore ne, sauran kuwa wasu tsirrai biyu. An auna shi, an ƙunsa a takarda, an rubuta yadda za a dafa da yawan da za a sha. Amma gwajin da aka yi ya nuna cewa ko da yake yana sauƙaƙa wa majinyaci, ba ya share ƙwayoyin cutar daga jini ƙarƙaf. Wannan magana ce da ya kamata kowace uwa ta riƙe. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyanawa, kuma yara ƙanana ne ya fi kashewa. Tun 2005 aka sauya babban maganinsa daga kulorakwin zuwa haɗin nan mai atimisinin, gwajin jini na ɗan yatsa kuwa ba ya wuce minti 20. Yaron da aka yi wa surace zafin jikinsa ya sauka, iyaye suka saki jiki alhali ƙwayar cutar na nan tana ninkuwa, shi ne ake kawowa Babban Asibitin Kwali ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada bayan kwana uku yana jijjiga, jininsa ya ƙare. Surace bai hana zuwa a gwada jini ba, kuma bai maye gurbinsa ba.

ZUMA DA ZAƘI DA HARBI

Babban haɗarin rai-ɗore yana cikin ɗanyar ƙwayarsa. Likitocin dabbobi a Amurka da Barazil da Ostareliya sun daɗe da sanin haka. Idan saniya ko doki ko alade ko kaza suka ci ƙwayoyin da yawa, galibi saboda sun gauraya da hatsi ko harawa, ko kuma yunwar rani ta sa dabba cin abin da ta ƙi da damina, sai a ga zawo, ƙafafu su yi sanyi, dabba ta kwanta ta kasa tashi, fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan shayi. Dafin yana lalata tsokar jiki da ta zuciya, yana kuma taɓa hanta. Babu wata allura da ke karya shi. Makiyayin da ya ga irin wannan a garkensa da kaka, kafin ya zargi sammu ko maciji, ya dubi abin da ke tsaye kewaye da turke.

Abin da ya faru ga mutane kuwa ya fi wannan tayar da hankali. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta ƙasar Indiya, musamman gundumar Saharanpur, an yi shekaru ana fama da wata cuta da ke zuwa kowace shekara tsakanin Satumba da Disamba. Yaro lafiyayye, yawanci ɗan shekara biyu zuwa huɗu, ɗan gidan talakawa, sai ya fara amai, ya shiga magagi da fizge-fizge, ya suma, cikin kwana biyu ko uku ya cika. Kusan uku daga cikin kowane huɗu da suka kamu ba sa tashi. An daɗe ana zaton wata ƙwayar cuta ce mai kumbura ƙwaƙwalwa, aka yi ta nemanta a jini ba a samu ba. Sai wani likitan yara na yankin, Vipin Vashishtha, tare da abokan aikinsa, suka lura cewa hanta da tsokar yaran ne ke lalacewa tare da ƙwaƙwalwa, irin yadda ake gani a dabbobin da suka ci guba. Suka bi gida-gida suna tambayar abin da yaran suka ci. A 2007 suka buga sakamakon: yaran suna tsinkar ɗanyen kwanson rai-ɗore da ke kewaye da gidajensu suna ci kamar wake. Da aka tashi da wayar da kan iyaye da tuge tsiron daga unguwanni, sai mace-macen suka ragu ƙwarai.

Wanda ya karanta wannan labari sa'an nan ya zaga bayan gidajen Kwali, ko Dafa, ko Kilankwa, ko kuwa kowane ƙauye daga nan har Maraɗi, dole gabansa ya faɗi. Tsiron ɗaya ne, lokacin nunar kwanso ɗaya ne, ga shi daidai tsayin hannun yaro, ga iyaye sun tafi girbi an bar ƙanana suna wasan 'yar girki da gwangwani da duk abin da suka tsinko. Kuma alamun ciwon, watau amai da suma da fizge-fizge, su ne dai alamun zazzaɓi mai tsanani da na sanƙarau, ko abin da wasu za su ce iska ce. Idan ba a tambaya ba, babu wanda zai kawo ciyawar juji a ransa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ganyen ma yana da iyaka. Yawan shansa kan jawo murɗar ciki da zawo mai ƙarar da ruwan jiki, wanda ga jariri ko tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Mace mai ciki ya kamata ta nisance shi, domin yana iya motsa mahaifa. Mai shawara kuwa, hantarsa ta riga ta jigata, ɗora mata abin da ke wahalar da hanta ba tare da an san musabbabin ciwon ba kasada ce.

TAFASA DA KASUWAR DUNIYA

Ƙanwar tasa ta fi shi farin jini a tukunya. Ana tsinkar ganyen tafasa tun yana ɗanye sharaf, a dafa a zubar da ruwan, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san gidaje nawa ta rufa wa asiri. A Sudan akan tsima ganyenta cikin tulu a ƙarƙashin ƙasa ya zama abin miya da ake kira kawal, a ƙasar Sin kuwa ana soya ƙwayarta a yi shayi.

Yanzu ƙwayar tafasa ta zama haja. 'Yan kasuwa na saye buhu-buhu a kasuwannin Arewa ana fita da ita Asiya, inda ake fitar da wani gari mai kauri daga cikinta da ake sa wa abincin gwangwani da wasu kayan masana'antu. A nan ma bambanta 'yan'uwan biyu ya zama dole. Ƙa'idar da Tarayyar Turai ta gindaya ita ce kada ƙwayar rai-ɗore da ta gauraya a ciki ta kai kashi 0.05 cikin 100, watau a buhu mai kilo 100 kada ta kai giram 50, abin da bai wuce cikin tafin hannu ba. Mata da yaran da ke yankar tafasa a bakin hanya suna sussukawa, idan ba su ware rai-ɗoren da ya tsiro a tsakani ba, sun rage wa kayansu daraja tun kafin ya bar ƙauye.

TSAKANIN JUJI DA ƊAKIN BINCIKE

Abin da ya sa zancen ya dace da Kwali fiye da sauran wurare shi ne maƙwabtanta. A Sheda, cikin ƙaramar hukumar, akwai babbar cibiyar kimiyya da fasaha ta tarayya da ake kira SHESTCO, mai ɗakunan binciken sinadarai da na halittu. A Idu kuma, kusa da birni, akwai cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD. Ita ce ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta auna ta gwada, ya zama maganin amosanin jini mai suna Niprisan. A Sheda aka ƙaddamar da sarrafa shi a 2006 da sunan Nicosan, ko da yake bayan 'yan shekaru aikin ya tsaya saboda matsalar kuɗi da ta sami kamfanin. Wannan ya nuna hanyar a buɗe take, ya kuma nuna ba ta da sauƙi.

Abin da ya raba jiƙon gida da maganin asibiti shi ne awo. Mai magani zai ce a ɗebi ganye cikin hannu, amma hannu ya bambanta, tukunya ta bambanta, ganyen damina ba ƙarfinsa ɗaya da na kaka ba. Tsofaffin da suka gaji sana'ar sun san wane sashe ake taɓawa da wanda ba a taɓawa, sun san na babba da na yaro, sun san wadda ba a ba. Su kuwa suna ƙarewa, jikokinsu sun tafi birni aikin gini da acaɓa, ilmin na tafiya da masu shi. A gurbinsu sai ga masu lasifika a tasha da masu saƙon wayar hannu, kowa na cewa ganye kaza na maganin cuta arba'in, ba awo ba gargaɗi. Da masanan Sheda da Idu za su zauna da dattawan Kwali a rubuta abin da suka sani, a auna, a fitar da bayani cikin Hausa da Gbagyi a kai makarantu da ɗakunan shan magani, da an yi wa ƙasa aikin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane magidanci zai iya da hannunsa. Ya tuge rai-ɗoren da ke kewayen gida da makarantar allo da filin wasan yara tun yana fure, kafin ya yi kwanso, ya bar wanda ake bukata don magani can nesa. A nuna wa yara shi, a gaya musu wannan ba wake ba ne, kamar yadda ake gaya musu zancen zaƙami da cini-da-zugu. A tsince shi daga harawa da hatsin kaji. Idan kuma yaro ya kama amai da magagi da kaka, a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita inda ya yi wasa da abin da aka gani a hannunsa.

Idan Nuwamba ta kama, hunturu ya fara busowa daga arewa, ganyen rai-ɗore kan zube ya bar kara tsaye da busassun kwansuna. Mai wucewa ta hanyar kasuwar Kwali da yamma, daidai lokacin da mata ke dawowa daga gona da kayan doya a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take, zai ji kwansunan na kaɗawa cikin iska, caka-caka, kamar yaro na wasa da caki. Ba da daɗewa ba za su tsage, ƙwayoyin su zube su shige ƙura, su jira ruwan Afrilu. Tsiron zai dawo baɗi, wannan babu shakka. Allah Ya sa ya tarar da mutanen da suka san shi.